Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa wa Yara Abincin Makaranta

Abincin da kika zuba wa yaro da ƙarfe 6:30 na safe ba a lokacin zai ci shi ba. Zai shiga jaka, jakar ta hau A Daidaita Sahu ko bayan babur, ta isa aji a jingine ta a jikin bango, sai wajen ƙarfe 10 a kaɗa ƙararrawar tara. A makarantun da suka haɗa boko da Islamiyya kuwa, wani abincin sai bayan azahar za a buɗe shi. Daga nan yawancin kurakuran suke tasowa. Uwa tana duba kyan abinci sa'ad da ta sauke shi daga wuta, ba ta lissafa yadda zai koma bayan ya yi awa 4 ko 6 a rufe cikin zafin Kano ko Sakkwato ko Maradi.

Mu fara da soye-soye, tunda su aka fi zubawa. Ƙosai ya fito daga mai yana ƙamshi, bayansa ya yi ƙaras-ƙaras, sai a kwashe shi kai tsaye zuwa cikin roba a danne da murfi. Tururin ba shi da hanyar fita, sai ya taru a jikin murfin ya riƙa ɗigowa. Lokacin da yaro zai buɗe, ƙosan ya yi gumi ya yi laushi tuɓus, na ƙasa ya kwanta cikin mai da ruwa. Haka awara take yi, haka fanke, haka soyayyen dankali da doya. Gyaran ba wuya. Ki fara da suyar kafin komai, ki baza a kwando ya tsane mai ya sha iska yayin da kike yi wa yara wanka, sai kin ga tururin ya daina tashi sannan ki zuba. Ki shimfiɗa tishu mai kauri a ƙasan robar. Yaji da yankakkiyar albasa ko kabeji kuma a ware su a wata 'yar roba daban, domin albasa tana fitar da ruwa tana kuma sauya wari idan ta daɗe a rufe.

Wannan matsalar ɗanɗano ce kawai. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta abinci mai ɗumi-ɗumi, domin ita ke kwantar da yaro. Ƙwayoyin cutar da ke jawo amai da gudawa sun fi yaɗuwa idan zafin abinci yana tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan, ba a kan wuta ba, ba a cikin firji ba. To, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garinmu ke kaiwa digiri 40, ajin da ba fanka ya ishi abinci lalacewa tun kafin a tashi. Don haka hanya biyu ce: ko dai abincin ya tafi da zafinsa sosai ya kuma zauna da zafin, ko ya zama irin wanda zafin gari ba ya yi masa komai. Tsaka-tsakin nan shi ne abin gudu.

Idan mai zafin kika zaɓa, kular kirki ce za ta yi miki aiki, ba robar da aka yi wa siffar kula ba. Kuma kada ki zuba abinci a kula mai sanyi, domin jikinta zai shanye zafin nan take. Ki cika ta da tafasasshen ruwa, ki rufe na minti 5 zuwa 10, ki zubar, sannan ki zuba abincin yana tururi ki rufe da sauri. Ƙaramar kula da aka cika ta fi babba da aka zuba wa rabi riƙe zafi. Ki gwada ta ranar Asabar: zuba abinci da safe, buɗe da ƙarfe 11. In kin tarar ya huce, wannan kular ba ta abincin makaranta ba ce.

Shinkafar jiya tana bukatar magana ta musamman. Mutane da yawa sun ɗauka ɗumame yana kashe komai, alhali a shinkafa ba haka ba ne. Akwai ƙwayar cutar da dafuwa ba ta gamawa da ita; idan shinkafar ta kwana a tukunya a kicin, sai ta farfaɗo ta saki guba a ciki, ita kuwa gubar ko an sake tafasawa tana nan. Shinkafar da ta shiga firji da wuri bayan an sauke, kuma ba a ɗauke wutar lantarki cikin dare ba, ana iya ɗumama ta sosai a zuba. Wadda ta kwana a waje kada ta bi yaro makaranta, ko da hancinki bai ji tsami ba.

Abin sha ma haka. Kunun aya ba ya jure zafi ko kaɗan, cikin 'yan awanni yake juyawa, har ki ga gorar ta kumbura. Kunun gyaɗa da aka sa wa madara, da yogot, da fura da nono, duk sai da sanyi. Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a sa gorar ruwa ko ta zoɓo a firiza tun dare ta zama ƙanƙara, da safe a naɗe ta da ƙaramin tawul a ajiye kusa da abin da ake so ya zauna da sanyi. Kafin tara ta narke, yaro ya samu abin sha. Ranar da ba a samu wuta ba, a haƙura da kayan madara gaba ɗaya, a ba shi ruwa. Yankakkiyar kankana da gwanda su ma suna cikin wannan layi: da zarar wuƙa ta shiga, ba sa son zaman zafi.

Indomie ba sai na daɗe a kanta ba. Tana ci gaba da shan ruwa a cikin kula har ta kumbura ta dunƙule wuri guda, ga gishiri mai yawa a cikin sinadarinta. In dole ne, a sauke ta da ɗan sauran ƙarfinta, a rage sinadarin, a sa ƙwai da karas.

Sai kuskuren da ba a ganinsa a matsayin kuskure, wato jakar da ke cike amma ba abin gina jiki a ciki. Biskit, cincin, lemon kwali, alawa. Duk fulawa ce da sukari. Kwalbar lemo guda mai cin santilita 35 tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 8 ko 9, kuma lemon kwali da ake zana wa hoton 'ya'yan itace sau da yawa bai yi nisa da hakan ba. Yaron zai ji ƙarfi na ɗan lokaci, kafin darasin ƙarshe yunwa ta dawo yana hamma, ga haƙora suna shan wahala. Ba na cewa a daina cincin. Cewa nake kowane abu mai fulawa ko sitaci ya tafi da abokin tafiya daga dangin wake, ƙwai, gyaɗa, kifi ko nama. Kuma abincinmu na gida ya wadata da su: dafaffen dankalin Hausa da dakakken ƙuli-ƙuli, gurasa da dafaffen ƙwai, masa da ɗan dambun nama, awara, alale, kantun riɗi. Ƙwai a dafa shi minti 10 ya dahu har ciki, a bar shi da ɓawonsa in yaron ya iya ɓarewa. Ranar ƙosai ko alale ki haɗa da lemon zaƙi ko gwaiba, domin suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙara jini da ke cikin wake.

Ga wani abu mai sauƙi da ke maye gurbin alawa, kuma zafi ba ya ɓata shi da wuri. Ki cire ƙwallon dabino kofi 1, in busasshe ne ki jiƙa shi kaɗan a ruwan ɗumi ki tsane shi sosai. Ki daka a turmi har ya kama jikinsa, ki zuba soyayyar gyaɗa rabin kofi da kika murje bayanta, ki ci gaba da daka har su haɗe. Ki mulmula ƙanana, ki birgima su cikin soyayyen riɗi. Ba ya bukatar sukari. Guda 2 ko 3 sun ishi yaro.

Tunda an ambaci gyaɗa, a kula da abu biyu. Yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi gyaɗa ko aya tsurarta, ko dabino da ƙwallonsa, domin yana ci yana guje-guje, tana iya faɗa masa hanyar numfashi, Malama kuma tana fama da yara da yawa. A daka masa. Na biyu, a tsince gyaɗa da kyau kafin a soya, duk wadda ta yanƙwane, ta sauya launi ko ta yi fumfuna a zubar. Gubar fumfunar gyaɗa hanta take taɓawa, kuma suya ba ta kawar da ita.

Akwai kuma kurakuran da sai ka tsaya a bakin aji lokacin tara kake ganinsu. 'Yar nazare ta zauna da kula a cinya, ta sa hannu biyu tana murɗa murfin da babba ya ɗaure tamau, fuskarta har ta ɓaci. Kunya ta hana ta kiran Malama, ƙawayenta sun fita wasa, sai ta mayar da kular jaka ta bi su. Da rana Umma ta buɗe ta ga ba a taɓa ba, ta hau faɗa. Kafin ki sayi kula ko roba, ki miƙa wa yaron ya buɗe ya rufe da kansa a gabanki. Ki ɓare masa lemo ki rarraba, ki yanka komai daidai loma, ki ɗora ayaba a sama kada littattafai su matse ta. Miya mai ruwa da manja mai yawa a bar su sai an dawo gida. A sa cokali kullum, domin ba kowace makaranta ke da wurin wanke hannu da sabulu ba.

Yawan ma a rage. Tara ba ta fi rabin awa ba a yawancin makarantu, kuma rabin hankalin yaro yana filin wasa. Abin da zai iya cinyewa cikin minti 10 ya fi tulin da zai gani ya karaya. Sabon abinci kuma a fara gwada shi a gida. Idan ya dawo da saura, ki tambaye shi a hankali, "Me ya hana ka ci?" Zai gaya miki ko yaji ne ya yi yawa, ko ya huce, ko abokai sun yi masa dariya. In duka da tsawa suka biyo baya, gobe zai juye a kwata ko ya bayar, ya kawo miki kula wayam, ke kuma ki ɗauka ya ƙoshi.

Kada a ƙulle abinci mai zafi a baƙar leda ko a naɗe soyayye da tsohuwar jarida. Tawada tana bin mai. Alale ya fi kyau a gwangwani ko ganye. Ruwan sha kuwa ya zama cikakkiyar gora, musamman ga yaro mai sikila, wanda ƙarancin ruwa ke iya tayar masa da ciwo. Irin wannan a gaya wa malamarsa ta bar shi ya sha ko ana cikin darasi.

Da an dawo daga makaranta a fito da kula a wanke, kada ta kwana a jaka. Ki zare robar nan da ke zagaye cikin murfin, a ƙarƙashinta maiƙo da baƙin datti suke taruwa, daga nan ne warin da kike ji ko bayan wanki yake fitowa. Gorar ruwa a sa mata buroshi har ƙasa da cikin bakin da yaro ke zuƙa, a kife su duka a buɗe su bushe kafin safiya.