Yadda za ka zaɓi hula, ka kafa ta, ka kuma kula da ita

Malam tun kafin ka buɗe baki ka yi sallama hularka ta riga ta gaya wa mutane wani abu a kanka, shi ya sa nake mamakin mai kashe kuɗi a shadda da ɗinki sannan ya ɗora hular da ta dafe da zufa kamar an tsamo ta daga tukunyar miya.

Fara da sanin lambarka. Ka sa tela ya zagaya kanka da tef, saman kunne kaɗan, abin da ya bayar shi ne saiz ɗinka, yawancin manya tsakanin 21 da 23 suke, har da rabi-rabi irin 22 da rabi. Kar ka yarda mai hula ya ce maka "za ta saki ai Alhaji", in ta matse ka a kasuwa ciwon kai za ta sa ka a wajen ɗaurin aure, kuma za ta bar maka zane a goshi. In ka yi sabon aski ka tuna gashi zai dawo.

Sai wurin da za ka. Juma'a, Sallah, ɗaurin aure, nan zanna bukar ko damanga ko tangaran ne gidansu, musamman in babbar riga ce. Zuwa masallacin unguwa ko zaman majalisa da yamma farar hula mai laushi ta isa, wadda ake tsokana da taɓa ni ka ji hadisi. Gona da kiwo kuwa malafa ce maganin rana, ka ga Bafulatani da ita a bayan shanu ba ado ya sa shi ba. Jar hula kuma a Kano yanzu sai ka yi tunani, da can Malam Aminu Kano aka sani da ita da fararen kaya, yau in ka kafa ta kan farin yadi kowa zai ɗauka ɗan Kwankwasiyya ne kai ko da ba ruwanka da siyasa, ni na taɓa shiga wani taro da ita ban ankara ba sai da aka fara min kirari.

Wajen saye, ko a Kurmi ne ko Kwari, juya hular ka duba cikinta. Aikin hannu za ka ga zaren bai jeru tsaf-tsaf kamar na inji ba, tana da nauyi da cika, kuma in ka matsa ta tana dawowa. Irin wannan mata ne suke zama da allura sati da sati kan guda ɗaya, ƴan Bama sun yi suna a kai, har bayan da Boko Haram suka kama garin a 2014 da yawansu da wannan sana'ar suka riƙe kansu a Maiduguri. To in an faɗa maka kuɗi kar ka zabura, araha ba ta ado. Kala kuwa ba sai ta zama iri ɗaya sak da riga ba, ya isa a ce zare ɗaya a jikin hular ya ɗauko kalar kayan ko aikin wuyan.

Kafawa: dattijo yana daidaita ta a tsakiyar kai, samari su karkata ta gefe ko su turo ta goshi, wanda ya tura ta ƙeya kuwa ko gajiya ko lissafin bashi. Gaban surukai dai ka daidaita abarka.

Wanki shi ne inda ake kashe hula. Don Allah kar ka jefa ta cikin bokiti da sauran kaya, kar ka murɗe ta, kar ka bar ta ta kwana a ruwan omo zaren zai zuba. Kai wa masu wankin hula, su za su goge ta da burushi da sabulu, su sa sitati, su kifa ta a kan ice daidai lambarta ta bushe sannan su buge ta ta dawo da ƙyallinta, kawai ka faɗa musu lambarka don in suka ɗora ta kan wanda ya fi ta girma shi kenan ta buɗe. In ka dawo gida da zufa ka bar ta ta sha iska tukun kafin ka sa ta a leda ko kwali, kuma kar ka bar ta a kan kujerar mota, wani zai zauna a kai.