Kafin ka goya famfon feshi: kurakuran da ke kashe fulawa da ciyawar ado

Na gaji da tambaya ɗaya da sababbin masu kula da fulawa da ciyawar ado suke yi mini: "Wane magani zan fesa?" Ganye ya yi rawaya, wane magani? Ciyawa ta bushe a wani gefe, wane magani? Da wuya ka ji wanda ya fara da tambayar abin da ya sami shukar. Yawancin asarar da nake gani a lambunan ado, mai lambun ne ya jawo ta da famfonsa, ƙwaron da ake zargi kuwa wani lokaci ko zuwa wurin bai yi ba.

Ɗauki ciyawa da ta yi tabo-tabo ta bushe. Ƙishi yana kawo wannan, ruwan da ya yi yawa ya kwanta ma yana kawo shi. Haka fitsarin kare, da takin zamani da ya zube wuri ɗaya ya ƙone ta, da wuƙar injin yanka idan ta dakushe tana yage kan ganye har ya yi fari. A cikin waɗannan babu wanda feshi zai gyara. Abin da nake yi kafin in taɓa kwalba shi ne in durƙusa a bakin tabon, inda busasshiya ta haɗu da ɗanya, in kama ciyawar in ja. Idan ta taso kamar ana naɗe tabarma, babu saiwa a ƙarƙashinta, gwazarma ce ke cin saiwar, kuma za ka gan su farare a lanƙwashe cikin ƙasa. Ɗaya ko biyu ba abin tashin hankali ba ne. Ƙa'idar da masana ciyawa suka fi bi ita ce sai an samu wajen 10 a fili mai tsawon santimita 30 da faɗin 30 ake maganar magani. Idan saiwa na nan daram, sai in haɗa sabulun ruwa na wanke kwanuka cokali 2 a ruwa lita 4 in kwarara a murabba'in mita ɗaya. In akwai tsutsar da ke cin ganye da dare, cikin minti 10 za ta fito sama da kanta. Bambancin nan yana da amfani har wajen zuba maganin: na gwazarma sai an bi shi da ban ruwa ya gangara inda take, na tsutsa kuwa a kan ganye ake so ya zauna, wanda ya bi shi da ruwa ya wanke kuɗinsa.

A fulawa ma haka ne. Mutum zai ga ganye ya yi baƙi ƙirin, ya ce cuta ce, ya ɗauko maganin funfuna. Ka goga da yatsa, baƙin zai fita, ganyen na nan kore a ƙasansa. Ƙwarin darɓa ne, ko farin ƙuda, ko fararen ƙwarin nan masu lulluɓin gari, suke tsotsar ruwan shuka suna zubar da wani danƙo mai zaƙi, funfunar kuma a kan danƙon take tsirowa. Ka kawar da mai tsotsar, baƙin zai tafi da kansa. Idan ka ga tururuwa na hawa da sauka a kara, bi ta, za ta kai ka inda suke, don danƙon take sha, har tana korar musu abokan gaba. Sabon ganye da ya yi rawaya amma jijiyoyinsa suna kore kuwa, galibi ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, ko ƙasa ta jiƙe saiwa ba ta shaƙar iska.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ɓata mini rai fiye da komai: jan gizo. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ke zama a bayan ganye lokacin zafi da ƙura. Ganye zai yi ɗigo-ɗigo fari, daga baya ya koma ruwan ƙasa, a ƙarshe ka ga siririyar yana a tsakanin rassa. Riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka kaɗa shi. Ɗigon da ka ga yana tafiya, su ne. Ƙafa 8 gare su, dangin gizo-gizo ne, don haka yawancin magungunan da aka yi domin ƙwari masu ƙafa 6 ba sa yi musu abin kirki. Na taɓa kula da wani lambu da aka jera wardi da fulawa iri-iri, mai gidan yana ganin ɗigo a ganye sai ya sa a fesa maganin ƙwari mai suna cypermethrin. Abin ya ƙaru, ya ce a ƙara. Ya sake ƙaruwa, ya ce maganin jabu ne, a sayo wani, aka kawo lambda-cyhalothrin, wanda danginsu ɗaya. Kafin in shawo kansa, wardin da na sha wahalar rainonsa ya zubar da ganye ya tsaya tsirara. Dalili a fili yake. Maganin ya share duk halittun da ke cinye jan gizo, ya bar musu fili, su kuwa a zafi cikin mako guda ƙwai yake zama babba mai yin wani ƙwan. An san carbaryl da imidacloprid ma da irin wannan ta'asa ta hauhawar jan gizo.

To don Allah, me ya sa idan magani bai yi ba sau biyu ba za ka tsaya ka duba ba? Ni dai ga jan gizo da tiyo nake farawa, in wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi da safe, in maimaita bayan 'yan kwanaki. In bai isa ba, sabulun feshi ko man darbejiya, kuma a bayan ganye, inda suke. Sai abin ya gagara nake ɗauko wanda aka yi dominsu, irin abamectin. Kuma ka koyi gane masu taya ka aiki. Ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi yana iya cinye darɓa wajen 50 a rana. Tsutsarsa doguwa ce, baƙi-baƙi da ɗigon ruwan lemo, ba ta da kyan gani, shi ya sa mutane ke ganinta a cikin darɓa su fesa mata guba, alhali ci take yi.

Abu na biyu da ya ci mini dukiya shi ne famfo ɗaya ga komai. An ari nawa aka fesa maganin ciyawa mai suna 2,4-D a ciyawa, aka ɗauraye shi sama-sama aka dawo da shi ba a gaya mini ba, aka zuba maganin ƙwari a ciki aka bi fulawa da shi. Da sabon toho ya fito, sai ga ganye a murɗe, sirara, wasu sun kife kamar an matse su, kara na lanƙwashewa. Wasu sun farfaɗo bayan dogon jinya, ƙananan dashe kuwa sun tafi ke nan. Shi 2,4-D an yi shi ne ya kashe mai faɗin ganye ya bar ciyawa, kuma fulawarka mai faɗin ganye ce. Ragowar da ta maƙale a tiyo da bakin famfo ta isa ta yi ɓarna. Tun daga nan famfo biyu nake ajewa, na maganin ciyawa na shafa masa jan fenti, ba ya kusantar fulawa, kuma ba na ba da aron ko ɗaya. Wasu za su ce wanki mai kyau ya wadatar. Ni ban yarda in gwada da shukata ba.

Tunda ana maganar maganin ciyawa: glyphosate ba ya zaɓe. Duk koren da ya taɓa ya kashe, har da ciyawar adon da kake son karewa, kuma na ga wanda ya fesa shi a tsakiyar fili don ya kashe 'yan tsirarun haki, ya tashi da taswirar ƙuna, har da sawun takalminsa a inda ya taka ya wuce. Garin neman gira ya rasa ido. Shi kansa 2,4-D ba kowace irin ciyawar ado ke jure shi ba, sai ka karanta takardar jikin kwalbar. Kar ka fesa shi ana iska ko a tsananin zafi, yana tashi ya sauka a kan fulawar da ke gefe. Ciyawar da ka yanka bayan feshin kuma kar ka baza ta a gindin fulawa.

Sai awo. "Murfi biyu" ba awo ba ne, murafe ba girmansu ɗaya ba. Kuma ninka magani ba ya ninka aiki, ganye kawai yake ƙonawa. Sayi sirinji ko kofin awo ka keɓe shi. Sannan ka san yawan filin da tankinka ke rufewa, wanda kusan babu mai yi. Auna fili mita 10 a tsaye, 10 a kwance, ka fesa ruwa zalla da irin tafiyar da ka saba, ka ga nawa ya tafi. Idan lita 4 ne, to tanki mai lita 16 zai rufe murabba'in mita 400. Idan takardar ta ce lita 1 a hekta, wato murabba'in mita 10,000, rabon tankinka mililita 40 ne kacal. Yawancin mutane idan suka yi wannan lissafin sai su ga ashe sun daɗe suna zuba ninkin ba ninkin.

Canza kwalba ba canza magani ba ne. Duba sinadarin da ke ciki da lambar rukuninsa a jikin takarda: cypermethrin da deltamethrin da lambda-cyhalothrin duk 3A ne, imidacloprid 4A, abamectin 6. Wanda ya nace wa rukuni ɗaya yana kashe raunana ne yana barin masu juriya su hayayyafa, har ranar da maganin zai zama ruwa.

Maganin funfuna, musamman irin mancozeb, kariya yake yi wa ganye mai lafiya. Wanda ya riga ya yi tabo ba zai koma kore ba, tsinke shi ka kwashe na ƙasa. Baƙin tabon wardi yana buƙatar ganye ya zauna a jiƙe wajen awa 7 kafin ya kama, saboda haka mai ban ruwa ta sama da yamma shi yake gayyato shi. A gindi nake zuba ruwa, da sassafe. Ciyawa ma da asuba ake shayar da ita, kuma yawan taki mai sa kore a lokacin zafi da laima yana ciyar da cutar da ke zana manyan da'irori masu ruwan ƙasa a fili.

Kar ka fesa maganin ƙwari a kan shukar da ta buɗe fure. A watan Yuni na 2013, a jihar Oregon ta Amurka, an fesa dinotefuran a kan itatuwan ado suna cikin fure domin darɓa, aka wayi gari manyan ƙudajen zuma na daji kimanin 50,000 sun zube matattu a filin ajiye motoci. Wannan dangin maganin yana shiga jikin shuka har ya kai ga ruwan fure, shi ya sa a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili, har da imidacloprid. In dole ne, jira fure ya wuce, ka fesa da yamma lis bayan ƙudan zuma sun koma.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Farar wuta da man feshi suna ƙona ganye idan zafi ya wuce digiri 30, kuma a bar aƙalla mako 2 tsakaninsu. Shukar da ke jin ƙishi a shayar da ita tukuna. Bt, maganin tsutsa da ake yi da wata ƙwayar bakteriya, ƙaramar tsutsa yake kashewa, sai ta ci shi, rana kuma tana lalata shi. Ruwa mai laka yana kashe ƙarfin glyphosate. Hadari ya haɗo, aje famfo. Dangin cypermethrin guba ne sosai ga kifi, kar ka wanke tanki kusa da tafki ko kwata, permethrin kuma yana kashe kyanwa.

Kan lafiyar jiki kuwa ba na sassauta wa kowa. Ina ganin mutane suna haɗa magani da hannu tsirara, da silifas, wai ai fulawa ce ba gona ba. Gubar ba ta san wannan ba. Ta fata ta fi shiga, kuma lokacin haɗawa ya fi haɗari don a nan take da kauri. Safar hannu ta roba mai kauri, takalmin roba, riga mai dogon hannu, tabarau da takunkumi. Safar yadi ko ta fata tsotse maganin take yi ta riƙe maka shi a hannu. Bakin famfo ya toshe, kar ka hura da baki, tsohon buroshi ya isa. Duba launin zaren da ke ƙasan takarda: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore, kuma mai jan zare ba shi da abin yi a lambun gida. Yara da dabbobi kar su taka ciyawa sai ta bushe sarai, ko lokacin da takarda ta faɗa ya cika. Kayan feshi a wanke su daban. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau 3 a juye ruwan cikin tanki, a huda ta.

Kada ka taɓa juye magani a gorar abin sha, ko da na kwana ɗaya ne. Paraquat, wani maganin ciyawa, kurɓi kaɗan yake kisa, ba shi da makari, kuma ta irin wannan juyen ya sha hallaka mutane. Idan bayan feshi mutum ya fara gumi mai yawa, yawu na zuba, ciwon kai, amai, ko ƙwayar idonsa ta tsuke, a cire masa kayan, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti. Kar a sa shi amai, kar a ɗura masa madara ko mai, kuma a tafi da kwalbar don likita ya ga sinadarin da ke ciki.