Oba-obar teku ga mai tuƙa kayak: wacce za ka saya, kuma a ina za ka ɗaura ta

Ga 'yan uwa da suka fara shiga teku da kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen nan da ake tuƙawa da filafili, musamman mazauna Birtaniya masu zuwa gaɓar Wales ko yammacin Sikotilan, don Allah kar ku ce wayar salula ta wadatar. Waya mutum ɗaya take kira, kuma sai da sabis, ga shi fuskarta in ta jiƙe da ruwan gishiri sai ka yi ta shafawa ba ta amsawa. Oba-obar teku kuwa, wato rediyon VHF na hannu, da ka danna ka yi magana a tasha ta 16 duk wanda ke kusa zai ji ka, masu gadin gaɓar teku, masunta, jirgin fito, kowa da kowa, kuma jiragen ƙungiyar ceto a teku ta RNLI suna iya bin siginar muryarka har su gano ɓangaren da kake.

Tasha ta 16 ɗin nan, mita 156.8 MHz, ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya. Ba wajen hira ba ce.

Toh wacce za ka saya? Abu na farko ruwa. Duba jikin kwalin, in ka ga IPX7 ma'anarsa za ta jure nutsewa zurfin mita 1 na minti 30, IPX8 ta fi haka, kar ka sauka ƙasa da IPX7 ko da an yi maka ragi mai daɗi, domin a kayak ruwa yana dukanka ne tun daga fita har dawowa. Na biyu ta zama mai yawo a saman ruwa in ta faɗa, yawancin irin waɗannan har wuta suke ƙyaftawa da sun taɓa ruwa. Sai madannai. Wannan mutane ba sa kula da shi a shago inda hannu yake bushe da ɗumi, amma ruwan Sikotilan ko a tsakiyar bazara sanyi ne da shi, in mutum ya kife cikin 'yan mintoci yatsu ke sandarewa, saboda haka ka sa safar hannunka ta ruwa ka gwada, ka ga ko za ka iya kunna ta ka koma 16 ka danna ka yi magana da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da kayak. In ba za ka iya ba, ajiye musu kayansu.

Maganar ƙarfi kuwa kar ta ruɗe ka. Kusan dukkansu wat 5 ne ko 6 a sama, wat 1 a ƙasa, kuma bambancin 5 da 6 bai kai a yi ta ciniki a kai ba, abin da ke yanke nisan zango shi ne tsayin eriya, don siginar VHF a miƙe take tafiya, tudu ko dutse ko tsibiri yana tare ta. Kai kuma kana zaune ne daf da ruwa, tsakaninka da wani mai kayak mil kaɗan ne kawai, wani lokaci igiyar ruwa ma ta isa ta katse ku, amma turakun masu gadin teku da ke kan tsaunuka suna jiyo ka daga nesa sosai. Shi ya sa ka riƙe ta eriya na kallon sama, kar ka kwantar da ita.

Ni a ganina in aljihu zai ɗauka, ka sayi mai DSC, wato tsarin tura kiran gaggawa da madanni, da GPS a ciki, irin Standard Horizon HX890 ko Icom IC-M94D. Akwai jan madanni a ƙarƙashin murfi, ka ɗaga ka danna ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, sai ta tura lambarka da daidai inda kake ta tasha ta 70 ba tare da ka ce uffan ba. Mutumin da ruwa ke shiga bakinsa, haƙora na kaɗawa, ba lallai ya iya karanto lambobin wuri daidai ba, wannan madannin ya ɗauke masa. Sai dai GPS na shan batir, kuma madannin ba ya aiki sai ka shigar da lambar MMSI, wato lambar shaidar rediyonka mai lambobi 9, don haka ka natsu wajen shigar da ita, yawancin rediyoyi ba sa barin ka yi ta canzawa. A Birtaniya hukumar sadarwa ta Ofcom ke bayar da lambar tare da lasisin rediyon hannu, kyauta ne ta intanet, sannan ka yi kwas ɗin Short Range Certificate na ƙungiyar masu jiragen ruwa ta RYA, kusan yini guda ne da jarabawa. A Amurka mai yawon shaƙatawa cikin ruwan ƙasar ba ya buƙatar lasisi. In ka sayo ta daga can, ka tabbata ka juya ta daga tsarin USA zuwa INT, wato na ƙasa da ƙasa, tashoshin ba duka suka zo ɗaya ba.

Yanzu inda na fi damuwa, wato ɗaukar ta. Wallahi rediyon da ke kulle cikin ramin kaya na kayak daidai yake da laimar da aka bari a gida ranar ruwan sama. Lokacin da za ka fi buƙatarta shi ne lokacin da ka kife, iska ta ja kayak ya yi gaba, kuma kayak marar kowa iska na tura shi da saurin da ba ka iya cim masa da iyo. Abin da ke jikinka shi ne naka. Saboda haka a rigar ceto za ka sa ta, aljihun gaba ko kan maɗaurin kafaɗa, ka ɗaure ta da 'yar igiya gajeriya wadda za ta kai bakinka amma ba za ta naɗe maka wuya ko filafili ba. Kar ka yarda da ɗan maƙalin da ke bayanta shi kaɗai, wajen hawowa kan kayak daga ruwa yake ɓallewa. Ka gwada ma a ruwa mai sauƙi, ka faɗa ka hau da ita a jikinka, ka ga ko eriyar na tsokane maka ido ko tana maƙalewa a igiyoyin saman kayak.

Ka bar ta a kunne a kan 16, sauti sama, ka kulle madannai. Masu gadin tekun Birtaniya suna sanar da hasashen yanayi duk awa 3, su faɗi tashar da za ka koma ka saurara. Hira da abokan tafiya ku zaɓi 72 ko 77 tun a bakin gaɓa, a wat 1, batir ya huta. Gwajin rediyo kuwa tashoshin National Coastwatch, 'yan sa-kai masu sa ido a gaɓar teku, suna amsawa a 65.

In rai na cikin haɗari, ka danna jan madannin, sannan a 16 ka ce Mayday sau 3, sunan kayak ɗinka sau 3, inda kake, abin da ya faru, mutum nawa ne, ka ce over ka saki madannin magana, don matuƙar kana danne ba za ka ji amsa ba. In matsala ce babba amma ba ta kai ta rai ba, Pan-Pan ake cewa. Ka rubuta wannan jerin da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, ka manna a saman kayak gabanka.

Kun dawo gaɓa, ka ɗauraye ta da ruwan famfo, ka kakkaɓe ruwan sifika, ka bar ƙarafan caji su bushe sarai kafin ka ɗora ta a caja, gishiri na cinye su da wuri. Daren da za ka fita ka cika batir, in tafiyar kwanaki ce ka tafi da na biyu a cikin jakar da ruwa ba ya shiga.