Kurakuran da ke kashe gonar ƙaro da dajin katako a Sudan

'Yan'uwanmu da ke riƙe da gonakin ƙaro a Gadarif da Sinnar da wajajen Damazin sun fi faɗa wa kuskure guda: ganin cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas, ba a bar komai ba sai dakwara, icen da ke ba da ƙaro. Mutum ya sami fili, ya bi aduwa da magarya da tsamiya da gawo ya sare, wai suna cin wuri. Shekara biyu uku zai ga kamar ya yi dabara. Amma a kan waɗannan itatuwa tsuntsaye ke sheƙa, su ne kuma ke rage ƙwari da fara mai cin ganyen bishiya, wadda in ta sauka kan dakwara takan cinye ganyen har ƙaron shekarar ya lalace. Furen magarya abincin ƙudan zuma ne, gawo kuwa taki yake zuba wa ƙasa, ga inuwa da abincin dabbobi a tsakiyar rani. Gyaran ba wuya: a bar manyan itatuwa inda aka same su, musamman a bakin kwari da hanyar ruwa. Dokar gandun daji ta 1989, shekarar da aka kafa Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, ta ce a bar itatuwa a kashi 10 cikin ɗari na gonar damina, kashi 5 a gonar ban-ruwa. Masu manyan gonakin tarakta sun fi kowa take wannan doka, su ne kuma kan gaba wajen kukan ƙasa ta gaji.

Sai gaggawa wajen tsaga ɓawon dakwara don ƙaro ya fito. Dakwara tana son ta kai kamar shekara 5 kafin a taɓa ta, kuma a jira damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, wajen Oktoba ko Nuwamba. Gatari yana shiga har cikin naman icen, ya buɗe wa ƙwaro ƙofa. A yi aiki da sunki, wato ƙarfen tsaga, wanda ɓawo kawai yake ɗagawa. Reshen da aka tsaga bana a bar shi ya huta, baɗi a koma wani.

Miskit, wani baƙon ice mai ƙaya, shi ne abin da ya fi ba ni haushi, don har yanzu akwai masu shuka shi shinge. An shigo da shi Sudan a 1917, aka yi ta yaɗa shi don tare rairayi. Ya tare ɗin, amma bai tsaya nan ba. Awaki su ci 'ya'yansa, su zubar da irin a kashinsu duk inda suka bi, ya tsiro ya haɗe, saiwarsa ta nutse ta shanye ruwan ƙasa, ba ciyawa ba ƙaramin ice a ƙarƙashinsa. Wanda ya ga abin da ya yi wa gonakin Sabuwar Halfa da Gash da Tokar ba ya buƙatar dogon bayani. Har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Sare shi daga sama ɓata ƙarfi ne, zai tofo fiye da da. Sai an tono kututturen a ƙasa, a tumɓuke ƙananan tun da damina ƙasa na da laushi, sannan a shuka wani abu a wurin nan take. Mai son shinge ga magarya nan.

Dazuzzukan gabaruwa na bakin kogin Blue Nile, daga Sinnar zuwa Rusairis, waɗanda tun zamanin Turawa ake yanka katakon layin dogo daga cikinsu, da ambaliya suke rayuwa, kuma sai sun yi wajen shekara 30 ake sara. Kuskuren a nan shi ne sakin awaki da raƙuma a yankin da aka shuka kafin tsiron ya fi ƙarfin bakinsu, da kuma sare yanki gaba ɗaya ba a bar iyayen da za su zubar da iri ba. Wasu kan cire gabaruwa su sa icen turare don ya fi saurin girma, amma turare ba ya ba majemi bagaruwar jima, kuma ƙarƙashinsa kusan fayau yake.

Wuta kuwa, kada a jira ciyawa ta bushe ƙurmus. A share layin wuta kewaye da gona tun ƙarshen damina, a yi shi tare da maƙwabta da makiyayan da ke bi ta wurin, don gobarar daji ɗaya tana cinye ƙananan dakwara na shekara uku a yini guda.