Yadda Ake Gane Tambarin Maƙeri a Jikin Tsohon Takobi

Gidaje da yawa a Kaduna, musamman waɗanda asalinsu daga Zariya ne ko Kano ko Bida, akwai takobin kaka rataye a ɗaki, ba a sauke shi sai hawan Sallah. Namu wani ƙanena ya kai shi wajen masu wasa wuƙa domin ya yi sheƙi. Ya dawo fari tas, amma tambarin da ke gindinsa ya tafi, sai ɗan gurbi. Har yau abin yana ci mini rai. Don haka kafin komai: kada inji ko samfefa su taɓa ruwan takobinka.

Fara da zare shi daga kube a hankali, ka shimfiɗa shi a kan tsumma. Ɗiga man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana, kashegari ka goge da ƙyalle mai laushi. Jan tsatsa zai fita. Baƙin da ya zauna a jikin ƙarfen kuwa ka ƙyale shi, shi ne shaidar shekaru.

Sai ka rage hasken ɗaki, ka kwantar da tocila a gefe yadda hasken zai bi jikin ƙarfen a karkace. Duba wuri uku: dab da ƙota, cikin kwarin da ke bin tsakiya, da inda kwarin ya ƙare. Juya ɗaya fuskar ma. Idan ka ga alama, ɗora farar takarda ka goga fensir a kai, sannan ka ɗauki hoto da tsinken ashana a gefe domin a san girmanta.

Yanzu, me ka gani? Abin da aka fi samu a takubbanmu shi ne jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, wanda masana ke kira dukari. Akwai wata dabba a guje da aka zana da 'yan layuka kaɗan, kamar kare. Kerkeci ne, tambarin maƙeran Passau wanda na Solingen suka ara, duka a Jamus, wani lokaci da jan ƙarfe cuse a cikin layukan. Akwai zaki, akwai ƙwallo da gicciye a kansa, akwai ƙuda wanda ake dangantawa da maƙeri Peter Kull na Solingen a ƙarni na 19. Kan sarki da kambi na gidan Weyersberg ne, su ma maƙeran Solingen. Ba abin mamaki ba ne a same su nan. Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ake shigowa da su a shekara, akasari daga Solingen. A lokacin, a Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka kube.

Nan ne ake yawan ruɗewa. Ganin wata biyu ba ya nufin takobin daga Turai ya zo. Maƙeranmu sun ga mutane na son alamar, sai suka sassaƙa nasu hatimin suna bugawa, har a kan ruwan da aka shigo da shi ba tambari. Saboda haka dubi yadda aka buga. Wanda aka buga lokacin da ƙarfe ke da zafi yana da zurfi daidai, bakinsa a lafe, kuma ya tsufa tare da sauran jikin. Wanda aka sara da kurfi bayan ƙarfe ya huce, layukansa a katse suke, wani wuri zurfi wani wuri sama-sama. Idan watan ya zama kamar baka kawai, ido da hanci sun ɓace, galibi hatimin gida ne da ya sha bugu. Ni dai ba na kiran wannan jabu. Aikin maƙeran Kano ne ko Bida ko Agadas, kuma shi ma tarihi ne.

Kada tambari ya hana ka duba ƙarfen kansa. Kwari madaidaici kamar an ja da zare ya fi kama da aikin masana'anta. Mai ɗan karkata, aikin hannu ne. Ruwa mai kauri da nauyi, marar alamar tsufa, sau da yawa daga sifirin mota aka ƙera shi, ka ga ke nan bai girmi zuwan mota ba.

Idan kuwa siriri ne mai garkuwar hannu, da lamba a gadon bayansa da ɗan tagulla zagayayye cikin tauraro mai tsini shida, to na hafsoshin Ingila ne. Kamfanin Wilkinson na Ingila, wanda ya ƙera irin waɗannan takubba, ya fara sa lamba tun 1854, kuma da ita ake gano shekarar ƙira.

Daga nan ɗauki hotunan da takardar fensir ɗin, ka bar takobin a gida, ka je gidan tarihi da ke titin Ali Akilu ko Gidan Arewa ka nuna. Kafin nan zauna da dattijon gidanku ka ce, "Baba, wa ya fara rataya shi, a wane gari?" Rubuta amsar, ka naɗe ta tare da hamilar.