Yadda Malami Zai Koyar da Rubutu ta Hanyar Jaridar Bango

Ɗalibin da ya san cewa malami kaɗai ne zai karanta insha'insa, ya bi shi da jan biro, ya ba shi maki, yakan yi rubutu ne don ya sauke nauyi kawai. Amma da zarar ya tabbatar 'yan ajinsu da na sauran azuzuwa za su tsaya su karanta abin da ya rubuta, ga kuma sunansa a ƙasa, sai ka ga ya fara auna kowace kalma. Saboda haka nake ganin ya dace kowane malamin Hausa a sakandare ya kafa jaridar bango, wadda ba ta buƙatar wutar lantarki, sai kwali da takarda da gam.

Da farko malami ya nemi izinin shugaban makaranta, sannan ya zaɓi bangon baranda inda ake yawan wucewa kuma feshin ruwan sama ba ya kaiwa. Ya bar ɗalibai su raɗa wa jaridar suna da kansu. A nan yana da kyau ya ba su tarihin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a shekarar 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, domin su san aikin jarida da Hausa ba baƙon abu ba ne. Daga nan a kafa kwamitin editoci na mutum biyar ko shida da za a riƙa sauyawa, a kuma tsayar da ranar karɓar rubutu. Fitowa duk mako biyu ta fi sauƙin ɗorewa.

Mataki na gaba, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan aikin, shi ne zaɓen abin da za a rubuta. Idan aka ce wa yaro ya yi rubutu a kan muhimmancin ilimi, zai kawo jimlolin da ya haddace tun firamare, waɗanda babu mai sha'awar karantawa. A maimakon haka a tura shi ya zauna wurin mai shayin bakin makaranta na rabin sa'a, ya dawo ya bayyana yadda yake ɗaga kofi sama yana sheƙa shayi cikin wani ba tare da ɗigo ya zuba ba, da irin hirar da ake yi a kan bencinsa. Wata ɗaliba kuma ta tambayi kakarta yadda ake haɗa daddawa, tun daga dafa kalwa har zuwa rufe ta, ta rubuta shi daki-daki. Da irin wannan za a ratsa nau'o'in insha'in da ake tambaya a jarrabawar WAEC da NECO, wato na labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara da wasiƙa. Shi ma malami ya riƙa sanya nasa ɗan rubutun a kowace fitowa, domin yara sun fi koyi da abin da suka ga ana yi.

Sai batun gyara, kuma kada a yi shi a tashi ɗaya. A zagayen farko marubuci ya karanta wa abokinsa rubutun da babbar murya, abokin ya faɗi inda bai gane ba da inda yake son ƙarin bayani. A zagaye na biyu editoci su duba tsari: ko gabatarwa ta ja hankali, ko kowane sakin layi yana ɗauke da magana guda. Sai a ƙarshe malami ya shigo da ƙa'idojin rubutu, kamar haruffa masu ƙugiya da rabawa da haɗa kalmomi, ya nuna bambancin "akan yi ruwa a Agusta" da "ya zauna a kan kujera". Ya ja layi ƙarƙashin kuskure ya bar mai shi ya gano gyaran, kuma kada ya wuce kurakurai iri biyu ko uku a takarda ɗaya, domin takardar da ta yi jajawur tana kashe wa yaro gwiwa.

Bayan an sake kwafa da hannu mai kyau an manna, a rataye ƙaramin kwali a gefe don wasiƙun masu karatu, da sharaɗin cewa ba zagi, ba habaici, kuma ba a karɓar wasiƙar da babu suna. A zaɓi biyu ko uku a manna a fitowa ta gaba. Malami ya riƙe rajistar waɗanda rubutunsu ya fito, don kada haziƙai su mamaye bangon. Wanda ke da rauni ko jimla biyar ya iya, a gyara a manna masa. A ƙarshen zango a ciro takardun a ɗinke su wuri guda, a ba kowane ɗalibi rubutunsa na farko da na ƙarshe ya gwada su, ya rubuta abubuwa biyu da yake son gyarawa a zango mai zuwa.