Yadda Ake Warware Zaurancen Turancin Mutanen Landan

Wanda ya iya Turanci sosai ma yakan tsaya cak idan mutumin gabashin Landan ya ce masa "use your loaf". Kalmomin duk sanannu ne, amma maganar ba ta burodi ba ce. Wannan salo ya taso ne wajen shekarun 1840 a bakin 'yan kasuwa da masu talla a titi na gabashin Landan, inda ake kiran mutanen wurin Cockney, kuma tun 1859 John Camden Hotten ya shigar da jerin irin waɗannan kalmomi cikin ƙamusunsa. Kamar zaurance yake, yana da ƙa'ida, kuma da zarar ka kama ta sauran mai sauƙi ne.

Ga yadda ake gina shi. A ɗauki kalmar da ake nufi, a nemo wasu kalmomi biyu ko uku da ƙarshensu ke amsa-amo da ita, sai a faɗe su a madadinta. Matakala stairs ce, sai a ce apples and pears. Waya phone ce, sai a ce dog and bone. Ɓarawo thief, ya zama tea leaf.

Inda baƙo ke ɓata shi ne mataki na gaba: sai a yanke kalmar ƙarshe, wato ita kanta mai amsa-amon, a bar ta farko. Loaf ɗin nan asalinta loaf of bread ce, bread kuwa tana tafiya da head, don haka "use your loaf" na nufin yi amfani da hankalinka. "Have a butcher's" daga butcher's hook take, wato look, ma'ana duba. Porkies daga pork pies, wato lies, ƙarairayi. China daga china plate, wato mate, aboki. Barnet daga Barnet Fair, wato hair, gashin kai.

Saboda haka idan kalma ta faɗo a inda ba ta da wurin zama, kada ka fassara ta. Tambayi kanka wace kalma ce ta saba bin ta a Turanci, ka maido ta, sannan ka laluba abin da ke amsa-amo da ita wanda ya dace da zancen. Maudu'in hirar shi zai raba maka gardama.

Dole kuma ka faɗi kalmar da bakin mutumin Landan, wanda ba ya furta harafin r bayan wasali idan baƙi ya biyo. Rabbit, mai nufin yawan surutu, daga rabbit and pork take, kuma pork tana amsa-amo da talk ne kawai idan an haɗiye r ɗin. Wanda ya saba da furucin Amurka zai yi ta nema bai samu ba. Wannan kuskure ne da ke kayar da masu koyo daga rubutu.

Wasu sunayen mutane ne. Ruby, daga mawaƙiya Ruby Murray wadda ta yi tashe a shekarun 1950, na nufin curry. "Gone Pete Tong", daga sunan wani mai saka waƙoƙi a rediyo, na nufin abu ya lalace, domin Tong tana tafiya da wrong. Waɗannan sai hadda.

Wajen kuɗi a yi hattara, domin yawancin laƙabinsu ba su da amsa-amo ko kaɗan: quid fam 1, score fam 20, pony fam 25, ton fam 100, monkey fam 500, grand fam 1,000. Lady Godiva ce mai bin ƙa'idar, tana tafiya da fiver, fam 5.

Ka koya don ka gane, ba lallai don ka furta ba. Cikakkun siffofi irin su apples and pears sun tsufa, da wuya ka ji su a hirar yau da kullum. Gajerun, irin su porkies da butcher's, su ne suke raye. Kada ka sa ko ɗaya a wasiƙar aiki, ko ganawar neman aiki, ko jarrabawa. Wasu kuma akwai cin fuska a ƙarƙashinsu: trouble and strife, wato wife, raini ne ga mace, berk kuwa da ake ce wa wawa asalinta zagi ne mai nauyi ƙwarai. Duk kalmar da ba ka san cikonta ba, duba ta a ƙamus kafin ta fita daga bakinka.